Yadda ake sanya kilt a wurin aiki

Kilt tufafin gargajiya ne na mazan Sikotland. Yadin ulu ne mai layuka masu gilma juna, wanda ake kira tatan, ana naɗa shi a ƙugu ya sauka zuwa gwiwa, gabansa a shimfiɗe, bayansa kuma an yi masa tattara. Yawancin 'yan ƙasar sai biki ko babban wasan ƙwallo ke sa su fito da shi, amma akwai waɗanda da shi suke neman abinci kullum: masu zagayawa da 'yan yawon buɗe ido a Edinbura, babban birnin ƙasar, masu tarbar baƙi a ƙofar otal, masu busa, sojoji. Akwai kuma ma'aikatan ofis da masu sana'ar hannu a Birtaniya, Amurka da Kanada da suka mayar da shi kayan yau da kullum. Babu dokar da ta keɓe shi ga 'yan asalin ƙasar, don haka baƙon da aiki ya kai shi can yana iya shiga sahu.

Shigar biki daban, shigar aiki daban, kuma yawancin kurakuran sabon shiga daga nan suke tasowa. Mutum zai kwaso duk abin da ya gani a jikin ango ya tafi ofis da shi. A wurin aiki ƙa'idar ita ce a rage ƙyale-ƙyale, a mayar da hankali kan awo.

Kayan da za ka tanada

Kilt ɗin kansa, wanda bayaninsa na tafe a mataki na 2.

Jakar gaba, wadda ake kira siforan. Kilt na gargajiya ba shi da aljihu, ita ce aljihunka. Ta aiki ita ce ta fata zalla, baƙa ko ruwan ƙasa. Mai gashi da bakin ƙarfe mai walƙiya ta dare ce.

Doguwar safa ta ulu, aƙalla ƙafa uku idan kullum za ka riƙa sawa, da robar da ke riƙe ta, mai 'yan ƙyallaye biyu da ke leƙowa a gefe.

Bel mai faɗin inci biyu da kwata, da fil na kilt guda ɗaya mai ɗan nauyi.

Takalmin fata sau-ciki, riga mai kwala, da suwaita ko gajeriyar jaket.

Gajeren wando mai duhun launi na sawa a ciki.

Tef na tela, buroshin tufafi, hanga mai matsewa, da farin ƙyallen auduga don guga.

Mataki na 1: Tabbatar aikin ya yarda da shi

Fara da batun haɗari, domin shi ba a ciniki a kansa. Duk aikin da ke buƙatar a rufe ƙafa ba wurin kilt ba ne: walda, yankan itace da zarto mai inji, ɗakin gwaje-gwaje mai sinadarai, kicin mai tafasasshen mai, ko tsayawa kusa da inji mai juyawa da zai iya cafkar yadi. A Birtaniya dokar kare lafiyar ma'aikata ta 1974 da ƙa'idojin kayan kariya na 1992 sun ɗora wa mai kamfani nauyin kare ma'aikacinsa, saboda haka idan ya ce dogon wando, magana ta ƙare. Ko rundunar sojan Birtaniya tun 1940 ta daina fita fagen fama da kilt. Mai aikin daji a tsaunukan Sikotland shi ma ya yi tunani sau biyu, saboda kaska mai yaɗa cutar Layim da ƙananan ƙwari masu cizo da ke fitowa da bazara.

Idan aikin tebur ne, ko koyarwa, ko shago, karanta ƙa'idar suturar wurin. Sau da yawa ba ta ambaci kilt ba sam. Kada ka ɗauki shirun a matsayin izini. Je wurin shugabanka da hoton irin shigar da kake nufi, wato kilt mai sanyin launi, riga da nektayi, ka ce kana son gwadawa ranar da ba a ganawa da baƙi. Mutane suna ƙin abin da suke hasashe fiye da abin da suka gani. In kana neman ranar farawa mai sauƙi, 30 ga Nuwamba ranar ƙasa ce a Sikotland, 6 ga Afrilu kuma ranar tatan ce a Amurka da Kanada. Wurin da ke da yunifom kuwa, sai da amincewa a rubuce.

Mataki na 2: Zaɓi kilt da ya dace da aikin

Abu uku za ka duba: yawan yadi, nauyinsa, da irin zaren.

Cikakken kilt na cin yadi takwas, kimanin mita bakwai da ɗoriya, kusan duka a cikin tattarar baya. Akwai na yadi biyar, mai ƙarancin tattara da sauƙin kuɗi. Na yadi takwas ya fi kyan tafiya, amma wanda zai wuni a kujera yana zaune ne a kan tulin yadi, kuma zai ji ɗumi. Ga ofis, na yadi biyar ya wadatar.

Ana auna nauyin yadin da oza: 10 ko 11 mara nauyi, 13 matsakaici, 16 mai nauyi. Kilt na yadi takwas mai oza 16 yana kusan kilo biyu. Abin da sabon shiga ba ya zato shi ne mara nauyin ya fi ba da wahala, domin yana saurin yamutsewa kuma iska na ɗaga shi. Mai nauyi kuwa, ka tashi daga kujera ka taka sau goma, tattarar ta koma mazauninta. Oza 13 shi ne tsaka-tsaki mai kyau ga ɗakin da ke da na'urar ɗumama wuri.

Ulu ne asali, daga masaƙu irin su Lochcarron da House of Edgar. In kuɗi bai kai ba, ko aikin mai datti ne, nemi na haɗin foliyesta da biskos, wanda ake iya wankewa a gida. Guji mai arha na akirilik, yana fitar da ƙulle-ƙullen zare cikin 'yan makonni kuma yana kamawa da wuta da sauri. Masu sana'ar hannu suna da nasu nau'in na yadin kaki mai kauri da manyan aljihuna, wanda kamfanin Utilikilts na birnin Siyatil a Amurka ya yayata tun shekarar 2000, kamfanin kayan aiki na Blåkläder na Suwidin ma yana ɗinka irinsa. Wannan ba ya buƙatar siforan, amma bai dace da taron manya ba.

Batun tatan kada ya tsorata ka. An taɓa haramta wannan sutura a Sikotland daga 1746 zuwa 1782, kuma al'adar cewa kowane dangi na da tatan ɗinsa ta yi ƙarfi ne daga baya, musamman bayan ziyarar Sarki George na huɗu Edinbura a 1822. Ladabi ne kawai kada ka sa na wani dangi ba ka san sunansa ba, don za a tambaye ka. Akwai waɗanda kowa ke sawa, kamar Black Watch mai kore da shuɗi da baƙi, wanda ya fi kowanne dacewa da ofis. Royal Stewart ma na kowa ne, sai dai jansa ya yi ƙara da yawa. Akwai tatan na Musulmin Sikotland da aka fitar a 2012, kuma rajistar tatan ta gwamnati, wadda ta fara aiki a 2009, tana intanet ga mai son dubawa. Kilt mai launi ɗaya, toka-toka ko baƙi, ya raba ka da wannan tambaya gaba ɗaya.

Mataki na 3: Awo

Nan ne kuɗi ke salwanta. Kada ka ba da lambar wandonka, domin wando a ƙasan ciki yake zama, kilt kuwa a kan cibiya. Kuma kada ka auna kanka, da ka sunkuya duba tef awon ya canza. Nemi wani ya auna ka kana tsaye, ƙafafu a haɗe, ido na kallon gaba.

Ƙugu: a zagaya tef daidai cibiya, a ɗan matse. Kada ka shanye ciki. Kilt da ƙugu yake riƙe kansa, in ya yi sako-sako zai riƙa zamewa.

Mazaunai: a zagaya wurin da ya fi faɗi, a sake tef ɗin har yatsu biyu su shiga. In wannan awo ya yi kaɗan, tattarar za ta buɗe baki a baya. In ya yi yawa, gaban zai yi lanƙwasa kamar labule.

Tsayi: daga ɗan saman cibiya zuwa tsakiyar ƙoƙon gwiwa. Na kanti yawanci inci 24 ne, wanda ya yi wa gajeren mutum yawa. Tsayi shi ne abin da ya fi wuyar gyara, saboda ƙasan kilt na ulu ba shi da kalmasa, bakin saƙar ne da kansa. Telan da bai saba ba zai kalmashe ƙasan, tattarar ta kumbura. Idan ya ɗan yi tsawo, ɗaga shi sama da inci guda ka ga ko ya daidaita kafin ka kai wa kowa.

Mataki na 4: Shirya sabon kilt

Sabo yana zuwa da farin zare da aka ratsa tattarar da shi layi biyu ko uku don kada ta watse a hanya. Yanke shi da ƙaramin almakashi ka zare a hankali. Ana ganin mutane a titi da zaren nan a bayansu, ba su sani ba. Kada ka taɓa ɗinkin da ya kama tattarar daga ƙugu zuwa mazaunai, wannan na dindindin ne. Sa shi a gida na wuni ɗaya tukuna, ka zauna, ka hau bene, ka ɗauki abu a ƙasa.

Mataki na 5: Sanyawa

Fara da ƙafa, don sunkuyawa da kilt a jiki tana da wuya. Ja safar har ta wuce gwiwa, ɗaura robar a ƙasan gwiwa da ƙyallayen a gefen waje na kowace ƙafa, sannan ka naɗo bakin safar ya rufe robar. Safa ta tsaya kamar yatsu uku ko huɗu ƙasa da ƙoƙon gwiwa. Launinta ya zama toka, kore mai duhu, shuɗi ko ruwan ƙasa. Fara fat ta masu hayar kayan biki ce. In babu robar, kowace roba mai faɗi da ba ta shaƙe jini za ta yi, ƙyallayen ado ne kawai.

Takalmin nan mai dogayen igiyoyi da ake naɗewa a ƙwauri bar shi sai ranar biki, igiyoyinsa na kwancewa. Takalmin ofis na fata ya isa, mai aikin waje kuma ya sa but.

Sa gajeren wando da riga. Tsohuwar maganar nan cewa ɗan Sikotland na gaskiya ba ya sa komai a ciki, ba ta wurin aiki ba ce. Kuskure ɗaya ya isa ya jawo ƙorafin da zai ci aikin mutum, ga kuma gumi da ke ɓata ulu.

Yanzu riƙe kilt ɗin ta bayanka, tattara a baya. Ka maimaita wa kanka wannan, domin juya shi gaba-baya shi ne kuskuren da ya fi jawo dariya. Ɗauko shafin da ke hannun damanka, wato ɓangaren gaba mara tattara, ka kai shi hagu, ka zura maɗaurin fatarsa ta ramin da ke gefen hagu, ka ɗaure. Sai ka ɗauko shafin hagu ka rufa a kai zuwa dama, gezarsa ta faɗo a gefen damanka, ka ɗaure maɗaurin sama. Idan akwai maɗauri na uku a ƙasa, a kan kwankwaso, bar shi sako-sako, matse shi na karkatar da gaban. Tsaya gaban madubi ka juya kilt ɗin har babban layin tsakiyar shafin ya yi daidai da maɓallan rigarka. Zura hannu ta ƙasa ka ja gindin rigar ya miƙe.

Mataki na 6: Siforan, bel da fil

Zura igiyar siforan ta madaukai biyu da ke bayan kilt, ka ɗaure ta baya. Jakar ta zauna a tsakiya, kamar faɗin tafin hannu ƙasa da kan bel. In ta yi ƙasa da yawa za ta riƙa bugun cinya, ta kuma tura shafin ya yi ƙulli a samanta. Yawancinsu da sarƙa ake sayar da su, amma mai sawa kullum ya canza zuwa igiyar fata, domin sarƙa na cin ulu a hankali har gefen shafin ya yi gashi. Kada ka cika ta. Waya, katin aiki, makulli ɗaya ko biyu, sauran su tafi jakar hannu.

Bel ado ne, ba shi ke riƙe kilt ba. In ka sa falmaran, cire bel. In babu mai faɗi, gara ka fita ba bel da ka sa siririn na wando.

Fil ana soka shi a shafin waje kaɗai, ƙasa ta gefen geza, kamar inci huɗu daga ƙasa, inci biyu daga gefe. Aikinsa ba da nauyi ne don kada iska ta buɗe shafin. Wanda ya haɗe shafuka biyu da shi zai yaga yadin ranar da ya buɗe ƙafa ya tsallake kwata. Soka shi sau ɗaya ka bar shi a wurin, yawan cirewa na huda ulu. Mai aiki tsakanin kwalaye ko yara ƙanana ya haƙura da shi, yana maƙalewa.

Sai 'yar wuƙar da ake sokawa a safa, sikiyan-du. Dokar da ta hana yawo da wuƙa ta 1988 a Ingila da Wales da ta 1995 a Sikotland sun karɓi uzurin cewa tana cikin kayan gargajiya, amma wannan bai hana kamfani, makaranta, asibiti ko filin jirgi su ce a'a ba. Bar ta a gida. Ba wanda zai ce shigarka ba ta cika ba.

Mataki na 7: Abin da za ka sa a sama

Riga mai launi ɗaya da nektayi mai launi ɗaya, tatan ya riga ya ɗauki ido. Suwaita a kai ta isa yawancin ofisoshi. Ranar taro, jaket ɗin tuwid, wani yadin ulu mai kauri, da aka yanka don kilt, gajeriya mai buɗaɗɗen gaba. Kwat ta yau da kullum ta yi tsawo, tana danne tattara ta rufe siforan, gara ka tafi ba jaket. Baƙar jaket mai maɓallan azurfa da ake kira Prince Charlie ta liyafar dare ce, haka ma rigar nan mai igiya a wuya da mayafin kafaɗa.

Mataki na 8: Zama da motsi

Kafin ka zauna, sa tafin hannu biyu a baya ka shafo tattarar daga mazaunai zuwa cinya yayin da kake sauka, ka zauna a bakin kujera sannan ka zame baya. In ka faɗa kujera kai tsaye, za ka wuni a kan tattara a murɗe, zafin jiki kuma ya goge ta a haka. Da ka zauna, danna tsakiyar shafin ya faɗa tsakanin cinyoyi, nauyin siforan zai riƙe shi. Kada ka ɗora idon sawu a kan gwiwa. Teburin da gabansa a buɗe yake, ko zama a kan dandamali gaban jama'a, yana buƙatar ka haɗe gwiwa. Lura da hannun kujera da tayoyinta, suna kama gefen tattara lokacin tashi.

A mota, juya siforan zuwa gefe, zauna ƙafafu na waje, gyara tattara, sannan ka juyo da jiki gaba ɗaya. Kujerar fata ta fi sauƙi. In ta yadi ce, shimfiɗa leda ka zauna a kai ka juya, sannan ka zare ta. Mai tafiya aiki a keke ko dogon tuƙi ya sa wando, ya canza in ya isa.

Abu ya faɗi ƙasa, durƙusa da gwiwa, kada ka sunkuya. A matakala mai ramuka ko ta gilashi bi ta jikin bango. Tsani kuwa, bar wa mai wando. Iska ta fi ƙarfi a kusurwar dogayen gine-gine da bakin tashar jirgin ƙasa, sauke hannu ɗaya a gefen cinya ya isa.

A banɗaki juya siforan baya ko gefe. In zama za ka yi, tattaro bayan gaba ɗaya ka ɗago shi zuwa ƙugu, ko ka cire ka rataye in akwai ƙugiya, ya fi tsabta.

Musulmi yana da ƙarin abin lura. Al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, kilt kuma iyakarsa ke nan daidai, amma a ruku'u da sujada bayansa na ɗagawa cinya ta fito. Mafita ita ce wandon ciki mai kauri da ya kai gwiwa, ko ka ajiye dogon wando mara nauyi a durowa ka zura ta ƙasa lokacin salla. Wanda yake ganin gwiwar ma a rufe ta, ya sa tela ya ƙara inci guda a tsayi. Alwala ba matsala, sai dai cire safa da mayar da ita na cin minti biyu ko uku, ka lissafa da shi.

Mataki na 9: Mutanen ofis

Makon farko za a yi ta magana. Tanadi gajeriyar amsa, sunan tatan ɗin da cewa yana da daɗin sawa, ka koma kan aikinka. Tambayar abin da ke ciki za ta zo, murmushi da sauya zance sun isa. Wanda ya kai hannu zai ɗaga maka kilt ya wuce wasa, ka gaya masa sau ɗaya a fili, in ya sake ka kai ƙara. Ka ajiye wando a ofis saboda ranar da za a tura ka rumbun kaya ko wurin gini ba shiri.

Mataki na 10: Kulawa

Da ka dawo, cire siforan, kakkaɓe kilt ɗin da buroshi daga sama zuwa ƙasa, ka rataye shi a buɗe ya sha iska kwana ɗaya. Ulu na son hutu, mai sawa kullum ya mallaki biyu yana musanyawa. Wajen ajiya, ninka shi yadda yake a jiki, ka matse ƙugun da hanga mai faɗi. Siririyar hanga na barin gefe ya zube.

Shayi ko miya ta zuba, danna da ƙyalle mai ruwan sanyi, kada ka cuɗa. Ulu ba ya shiga injin wanki. Kai shi wurin masu wankin kwat sau ɗaya a shekara ko in ya zama dole, kuma kafin nan ka sa a sake ratsa tattarar da zare, in ba haka ba mai guga zai buɗe ta kamar mafici, gyaran kuma sai gwani. Ƙaramar yamutsa, rataye shi a banɗaki lokacin wanka da ruwan zafi, tururi zai sake ta. In sai an yi guga, shimfiɗa shi a faffaɗan tebur, jera kowace tattara layi a kan layi, ɗora jiƙaƙƙen ƙyallen auduga, ka danna dutsen guga ka ɗaga ba tare da ja ba, ka bari ya huce kafin ka motsa shi.

Asu ne babban abokin gabar ulu, kuma tufafi mai gumi da aka manta a duhu ya fi so. In za ka ajiye kilt na watanni, tabbatar yana da tsabta, sa shi a jakar tufafi mai zif tare da katakon sida ko maganin asu, ka riƙa fito da shi kana dubawa cikin tattarar. Tafiyar aiki kuma, ɗaure maɗauransa, naɗe shi a tsaye bin tsawon tattara, ka zura shi cikin tsohuwar doguwar safar mata ta nailan, sannan ka kwantar da shi a gefen akwati.